William Ramsay: Baturen Da Ya Tono Iskoki Biyar Da Ba Su Hulɗa Da Kowa

Masu karatu, filinmu na tarihin mashahuran mutane a yau zai kai mu ƙasar Birtaniya, wurin wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna William Ramsay, wanda ya rasu tun a shekarar 1916. Mun san da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami rumfar kayan lantarki daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Konni zuwa Illela, wadda ba ta da wani abu da ya samo asali daga aikinsa. Ƴar testar nan da masu gyaran wuta ke dangwalawa a jikin waya, ta kawo ɗan jan haske in akwai kuran, iskar niyon ce a cikinta. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, iskar argon ake ɗura masa domin kada zaren ya ƙone da wuri. Waɗannan iskoki da ƴan uwansu, wannan bawan Allah ne ya fito da su fili, bayan sun daɗe a ɓoye a cikin iskar da kowa ke shaƙa.

An haifi Ramsay ranar 2 ga watan Oktoba na shekarar 1852 a birnin Gilasgo na yankin Sikotlan, kuma shi kaɗai ne wurin iyayensa. Mahaifinsa injiniya ne, baffansa Andrew Ramsay kuwa sanannen masanin duwatsu ne. Iyayen masu riƙo da addininsu na Kirista ne ƙwarai, burinsu yaron ya zama limamin coci. Masu rubuta tarihinsa sun ce tun yana yaro ya karye a ƙafa wurin wasan ƙwallo, yana kwance ya ɗauki wani littafin sinadarai yana neman yadda ake haɗa wasan wuta irin na bukukuwa, to daga nan sha'awar ta shige shi har ta rinjayi burin iyayen. Ya shiga jami'ar Gilasgo yana ɗan shekara 14, daga baya ya wuce Jamus, wadda ita ce cibiyar wannan ilimi a wancan zamani. A jami'ar Tübingen ya yi karatu a hannun wani malami mai suna Rudolf Fittig, ya sami digirin dakta a 1872 bai ma cika shekara 20 ba.

Da ya dawo gida ya koyar a Gilasgo, a 1880 aka ba shi kujerar farfesa a kwalejin birnin Bristol, shekara guda bayan haka ya zama shugaban kwalejin, a wannan shekara kuma ya auri Margaret Buchanan, wadda suka haifi mace da namiji tare. A 1887 ya koma babbar kwalejin jami'a ta Landan. Mutum ne mai jin harsuna, yana Jamusanci da Faransanci ba tare da tafinta ba, kuma yana da baiwar hannu: da kansa yake narka gilashi ya hura shi ya ƙera bututai da kwalaben da yake aiki da su. Wannan sana'ar hannu kada mai karatu ya raina ta, domin ita ce ta ba shi dama daga baya ya riƙe iskar da ba ta kai cikin cokali ba, ba tare da ta zurare ba. Amma dai har ya haura shekara 40, malami ne mai mutunci kawai a cikin malamai, duniya ba ta san da shi ba.

Abin da ya sauya rayuwarsa ya taso ne daga sikelin wani mutum dabam. A lokacin masana sun ɗauka sun gama sanin iskar duniya: kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, wato sinadarin nan da ke sa takin uriya ya yi amfani a gona, kusan kashi ɗaya kuma oksijin, wadda ake saka wa majiyyaci a asibiti, sai ɗan tururin ruwa da ƴar iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Wani basarake masanin kimiyya, Lord Rayleigh, wanda ke da ɗakin gwaji a gidan gonarsa, ya kwashe wajen shekara goma yana auna nauyin iskoki ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan naitirojin sai lissafi ya ƙi. In ya cika kwalbarsa da naitirojin ɗin da ya tace daga iskar sarari, nauyinta giram 2.310 ne. In ya cika kwalbar nan dai da naitirojin ɗin da ya fitar daga sinadarai, sai ta ba shi giram 2.299. Bambancin miligiram 11 ne, bai wuce nauyin ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba. In muka mai da shi lissafin kasuwa, rabin kilo ke nan a buhu mai kilo 100.

Wani zai ce ai kuskuren sikeli ne, ya wuce. Rayleigh bai wuce ba. Ya sake awo, ya sake, bambancin yana nan daram. A 1892 ya rubuta wa mujallar kimiyya ta Nature wasiƙa yana neman duk wanda ke da bayani ya taimaka masa, bai sami amsar da ta gamsar da shi ba. Ranar 19 ga Afrilu 1894 ya sake gabatar da matsalar a taron masana a Landan, Ramsay yana cikin masu saurare. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san cewa in buhu biyu na kaya iri ɗaya suka saɓa a sikeli, to ɗayan biyu ne: ko mara nauyin yana da ƙaiƙayi, ko mai nauyin an yi masa algus da tsakuwa. Ramsay ya karkata ga na biyun, wato akwai wata iska mai nauyi da ke laɓe a cikin naitirojin ɗin sarari. Ya nemi izinin Rayleigh ya shiga binciken, aka ba shi.

Dabararsa mai sauƙin faɗi ce amma mai cin rai. Akwai wani farin ƙarfe mara nauyi da ake kira magniziyam, wanda in ya yi ja a wuta yake shanye naitirojin kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shanye ruwa. Ramsay ya tara naitirojin ɗin sarari, ya riƙa kora ta ta cikin bututu mai cike da jan magniziyam, ta je ta dawo, kwana da kwanaki, tana raguwa. Can sai raguwar ta tsaya. Abin da ya saura, kimanin kashi ɗaya cikin 80, ya ƙi shanyuwa ko ta ƙaƙa. Da ya auna shi sai ya ga nauyinsa ya doshi 20 a ma'aunin da naitirojin ke da 14. Shi kuma Rayleigh a nasa ɗakin ya bi wata tsohuwar hanya ta tartsatsin lantarki, ya sami irin wannan saura. Hanyar ta wani masani ce mai suna Henry Cavendish, wanda tun a 1785 ya yi wannan gwaji, ya rubuta cewa wani ɗan kumfa ya rage masa wanda bai wuce kashi ɗaya cikin 120 ba. Ya rubuta ya ajiye, shekara 109 ba wanda ya koma ya tambayi ko mene ne kumfan.

Abin da ya burge mu a nan shi ne mutanen biyu ba su yi rigimar wa ya riga wa ba, alhali irin wannan rigima ta raba manyan masana da yawa. Sun riƙa aika wa juna wasiƙu, suka yarda su sanar tare. A watan Agusta 1894, a taron masana na birnin Oxford, suka ce sun sami sabuwar iska, ranar 31 ga Janairu 1895 kuma suka kawo cikakken bayani a gaban ɗaruruwan mutane a Landan. Aka raɗa mata suna argon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar malalaci, wanda ba ya aikin komai.

Sunan kuwa ya dace da ita. Sun haɗa ta da ruwan asid iri iri, sun haɗa ta da soda mai ci, da farar wuta, da kulorin, sun gasa ta da ƙarafa, sun buga mata tartsatsi, ko gezau. Ramsay ya aika da ita Faransa wurin Henri Moissan, mutumin da ya fara ware fulorin a 1886, wato iskar da ta fi kowace faɗa a duniya, mai cin ƙarfe da gilashi. Ita ma ba ta iya da argon ba. To a nan ne asirin ɓuyanta yake. Masanin sinadarai yana gane abu ne ta hulɗarsa da wani: ya ƙone, ko ya yi tsatsa, ko ya sauya launi, ko ya yi wari. Argon ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, ba ta ci da wuta, ba ta guba, ba ta haɗuwa da komai. Baƙon da ya shiga kasuwa bai taya ba, bai sayar ba, bai yi magana da kowa ba, wa zai ce ya gan shi? Sai dai in an ɗora motar da ya hau a sikeli. Ga shi kuma ba kaɗan ba ce: kashi 0.93 cikin ɗari na iskar duniya argon ce. Shago mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa yana ɗauke da kusan lita 250, ta fi cikin duro guda.

Ba kowa ya yarda ba. Babban mai shakka shi ne Dmitri Mendeleev na Rasha, wanda a 1869 ya jera dukan tushen sinadarai a jadawali, gida gida, kowane da danginsa. Jadawalin ba shi da gurbin argon, kuma nauyinta na 40 ya ɗan ɗara na fotasiyam, abin da ke neman ɓata jerin. Mendeleev ya ce wataƙila naitirojin ce kawai ta dunƙule uku uku. Ramsay kuwa ya auna saurin tafiyar sauti a cikin iskar, sakamakon ya nuna ƙwayoyin zarrarta ɗai ɗai suke yawo. Oksijin da naitirojin biyu biyu suke tafiya, ita argon ko da ƴar uwarta ba ta riƙe hannu.

Ana cikin wannan gardama sai wani masanin ma'adinai na gidan tarihin Birtaniya, Henry Miers, ya rubuto wa Ramsay cewa wani Ba'amurke mai suna Hillebrand ya taɓa samun wata iska mara hulɗa daga dutsen yuraniyam, ya ɗauka naitirojin ce. Ramsay ya sayo irin dutsen daga wani mai sayar da ma'adinai a Landan, a kan sule uku da sisi, ya tafasa shi cikin asid a watan Maris 1895, ya tara iskar da ta fito. Yana zaton argon zai gani. Yadda ake tantancewa kuwa shi ne a rufe iska a bututun gilashi, a sa mata lantarki ta yi haske, a duba hasken ta wani madubi mai rarraba shi kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana da layukansa na launi da ba mai irinsu, tamkar shaidar da ake yi wa dabba. Sai ga wani layi rawaya mai ƙyalli wanda ba na argon ba ne. William Crookes, gwanin wannan awo, ya auna ya tabbatar cewa layin nan ne da masana taurari suka hango a jikin rana a shekarar 1868, wanda Norman Lockyer ya ce na wani sinadari ne da ba a sani ba, ya kira shi heliyam, daga sunan rana da Girkanci. Shekara 27 ana yi wa maganar kallon tatsuniya, sai ga abin a kwalba a Landan. Wasu masana biyu a Suwidin, Cleve da Langlet, su ma sun same shi a daidai wannan lokaci ba tare da sanin aikin Ramsay ba, amma ya riga su sanarwa.

Yanzu malalata sun zama biyu, ɗaya mai nauyin 4, ɗaya mai nauyin 40. Ramsay ya ce in haka ne ba baƙi ba ne, dangi ne guda da jadawalin Mendeleev ya tsallake, kuma lalle akwai sauransu. A 1897, a wani taro a birnin Toronto na Kanada, ya fito fili ya ce akwai wata iska mai nauyin kusan 20 da ba a gano ba tukuna. Shi da wani matashin mataimakinsa, Morris Travers, suka shiga nema. Sun gasa ma'adinai iri iri, sun gasa duwatsun da suka faɗo daga sama, sun je har maɓuɓɓugan ruwan zafi na duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen sun ɗebo iska, duk a banza. Ashe abin nema yana bakin ƙofa.

Abin da ya buɗe hanya shi ne wata na'ura da wani mai suna William Hampson ya ƙera, mai sanyaya iska har ta zama ruwa, a sanyin da ya haura digiri 190 ƙasa da sifiri. In iska ta zama ruwa, ana iya raba ta kamar yadda matatar mai ke raba fetur da kananzir da gas, domin kowace tana da matakin da take tafasa ta tashi. Hampson ya ba su ƙasa da lita ɗaya. Suka bar ruwan ya ƙafe sannu a hankali sai ɗan guntu a gindin kwalba, suka duba haskensa ranar 30 ga Mayu 1898, sai ga layuka rawaya da kore da ba a taɓa gani ba. Suka kira ta kiripton, wato ɓoyayya. Amma ba ita suke nema ba, ta fi argon nauyi. A watan Yuni suka juya ga ɓangaren da ke saurin tashi, suka sa masa lantarki, bututun ya kama da wani jan haske kamar garwashi. Ɗan Ramsay mai shekara 13 ne ya ba da shawarar a kira ta sabuwa da Latinanci, uban ya mai da kalmar Girkanci, ta zama niyon. Nauyinta 20, kamar yadda ya faɗa a Toronto. A watan Yuli kuma suka tsamo ta uku daga cikin dattin kiripton, suka kira ta zinon, wato baƙuwa. Tushen sinadarai uku cikin mako shida.

Domin mai karatu ya gane wahalar aikin, a cikin mudu miliyan ɗaya na iska, niyon mudu 18 ce, heliyam 5, kiripton 1, zinon kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na mudu ba. A ƙarshe Mendeleev ya sauko, ya ƙara sabon gida a jadawalinsa, kuma abin da aka ji tsoron zai rushe jadawalin sai ya zama shi ne ya ƙara masa ƙarfi. Wani Bajamushe, Hugo Erdmann, ya yi musu laƙabi da iskoki masu daraja, ko mu ce ƴaƴan sarauta, yana kwatanta su da zinariya wadda ba ta tsatsa ba ta cuɗanya da datti. A 1902 sarkin Ingila ya ba Ramsay sarautar Sir, a 1904 ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya same ta, Rayleigh kuma ya karɓi ta kimiyyar fiziya a shekarar.

Akwai ɗan gida na shida, kuma shi ne mugun cikinsu. Wasu masana sun lura cewa sinadarin radiyam, wanda Marie Curie da mijinta suka gano, yana fitar da wata iska mai tururin nukiliya. A 1903 Ramsay da Frederick Soddy suka nuna cewa in aka rufe wannan iska aka bar ta, heliyam na bayyana a cikinta, wato wani tushen sinadari na haifar wani, abin da a da ake cewa ba ya yiwuwa. A 1910 shi da Robert Whytlaw-Gray suka auna nauyin iskar, da ɗigon da bai kai kan allura ba, a wani sikeli na musamman da aka ƙera domin aikin. Ita ce ake kira radon a yau. Ita ma ba ta son hulɗa da sinadarai, amma tururinta na lalata huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan masu jawo kansar huhu bayan taba. Daga dutsen yuraniyam take tsattsafowa, shi ya sa ko'ina ake haƙar yuraniyam a duniya, har da yankin Arlit, batun shigar iska a ramuka da auna radon ba abin wasa ba ne.

Sai dai tarihi ba yabo kaɗai ba ne. Mutumin da awo na tsanaki ya ɗaukaka, gaggawa ta ba shi kunya a ƙarshen rayuwarsa. A 1907 ya sanar cewa ya mai da jan ƙarfe ya zama litiyam ta hanyar amfani da radon. Marie Curie da wata ɗalibarta Ellen Gleditsch suka maimaita gwajin a 1908 da kwanonin da ba na gilashi ba, ba su sami komai ba, alamu suka nuna litiyam ɗin daga jikin kayan aikinsa ya fito. Kafin wannan, a 1905, ya ara wa wani kamfani sunansa, kamfanin da ya ce yana da asirin tace zinariya daga ruwan teku. Gaskiya ne akwai zinariya a teku, amma ƙanƙantarta ta sa kuɗin tacewa ya ninka abin da za a samu nesa ba kusa ba. Kamfanin ya sayi fili a bakin teku, bai fitar da zinariya ko ta ɗan kunne ba. A ganinmu wannan ya fi na farkon muni, domin kuskuren ɗakin gwaji masana ne ke gyara shi, amma wanda ya zuba kuɗinsa don ya ga sunan mai kyautar Nobel a takarda, aljihunsa ne ya ji. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 kuma, sai ga Ramsay yana rubuce-rubuce masu zafi na ƙin Jamusawa har da masanansu, mutanen da suka koyar da shi kuma suka karrama shi.

Ya yi ritaya daga koyarwa ana gab da yaƙin, ya koma ƙauyen Hazlemere kusa da garin High Wycombe, ya kafa ɗan ɗakin gwaji a gida. Ciwon daji ya kama shi a hanci, ya rasu ranar 23 ga Yuli 1916 yana da shekara 63.

Ya tafi bai san dalilin da ya sa iskokinsa ke ƙin hulɗa ba. A shekarar da ya rasu ne Gilbert Lewis a Amurka da Walther Kossel a Jamus suka kawo bayanin. Kowace ƙwayar zarra tana da wasu ƴan ƙananan abubuwa masu ɗauke da lantarki, ana kiran su ilektiron, suna kewaye da ita sahu sahu. Sahun waje shi ne wurin ciniki, kuma galibi da takwas yake cika. Sodiyam yana da guda ɗaya rak a sahun waje, neman kai yake da shi. Kulorin tana da bakwai, ɗaya take nema. In suka haɗu ciniki ya faɗa nan take, abin da ya fito shi ne gishirin da muke miya da shi. Tsatsar ƙarfe, cin wutar itace, aikin taki a gona, duk irin wannan ciniki ne. Su kuwa niyon, argon, kiripton, zinon da radon takwas ɗinsu cif, heliyam kuma sahunsa na biyu ne kuma ya cika. Ba rara, ba giɓi, to me zai kai su kasuwa?

Wannan rashin hulɗa shi ne ya zama hajarsu. A 1910 wani Bafaranshe, Georges Claude, ya nuna fitilar niyon a birnin Paris, daga nan allunan talla masu jan haske suka bazu a biranen duniya. Amma a lura, dogon farin ƙwan nan da ake kira niyon a kasuwanninmu ba niyon a cikinsa, galibi argon ce da tururin zaiba, don haka in ya fashe a yi nesa da ƙurarsa. Masu waldar alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa suna hura argon a bakin wuta, ta yi wa narkakken ƙarfen rumfa kada oksijin ta taɓa shi. Zinon na cikin wasu fitilun mota masu farin haske. Heliyam kuwa, wanda sai a digiri 269 ƙasa da sifiri yake zama ruwa, da shi ake sanyaya manyan na'urorin hoton cikin jiki a asibitoci. Daga rijiyoyin gas ake samunsa, inda ya taru shekaru aru aru daga ruɓewar yuraniyam a ƙarƙashin ƙasa, kuma maƙwabciyarmu Aljeriya na cikin ƙasashen da ke sayar da shi, tare da Amurka da Katar. Ya fi iska rashin nauyi kuma ba ya kama wuta, saɓanin haidirojin, wadda ita ce ta cinye jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg a 1937, mutum 36 suka mutu. Tsadar heliyam ce ke sa wasu masu sayar da balan-balan na yara su haɗa haidirojin da soda da gutsattsarin alminiyam. A ido duk ɗaya ne, amma in aka kusantar da ashana za a ga bambanci.

Shi Travers, a 1906 ya tafi Indiya ya zama shugaban farko na cibiyar kimiyya ta birnin Bangalore, wadda Ramsay ya je ya ba da shawarar wurin kafa ta a 1900. Ya yi tsawon rai, ya rubuta tarihin maigidansa, ya rasu a watan Agusta 1961, a lokacin littattafan makaranta suna koyar da cewa waɗannan iskoki ba su haɗuwa da komai har abada. Wata bakwai bayan rasuwarsa, ranar 23 ga Maris 1962, wani matashin malami ɗan Ingila mai suna Neil Bartlett, a jami'ar birnin Vancouver na Kanada, ya haɗa zinon da wani jan tururi na filatinam da fulorin, nan take wani gari mai launin rawaya ya kwanta a jikin gilashin. Zinon ce mai girman jiki, sahunta na waje ya yi nisa da cibiya, don haka mai ƙarfin fizga yana iya ƙwace mata. Cikin shekara guda aka haɗa zinon da fulorin kai tsaye, aka bi da radon da kiripton. Argon ta riƙe sunanta na malalaciya har shekarar 2000, lokacin da masana a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan suka tilasta mata haɗuwa da haidirojin da fulorin cikin matsanancin sanyi, haɗin da ke wargajewa da zarar ya ɗan ji ɗumi. Niyon, wadda ɗan shekara 13 ya zaɓa wa suna, har yau ba a sami wanda ya ɗaura mata tabbataccen haɗi da wani sinadari ba.